A Zauna Da Tsofaffin Ma'aikata Kafin A Sake Yi Mana Alƙawarin Farfaɗo Da Kamfanoni

A wani ɗaurin aure da aka yi a Runjin Sambo, bayan an shafa fatiha an raba goro, hira ta gangaro kan rashin aikin yi, kamar yadda kusan kowace hira take gangarowa a Sakkwato yanzu. Wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗaya daga cikin kamfanonin garin nan ya fara bayanin yadda injinan wurin aikinsu suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, da dalilin tsayawar kowanne. Bai yi nisa ba wani matashi mai digiri ya tari numfashinsa, cikin ladabi dai, ya ce Baba ya daina wahalar da kansa da tunanin baya, tunda an yi alƙawarin za a farfaɗo da kamfanonin gaba ɗaya. Dattijon ya gyara zaman hularsa ya yi shiru, hira ta koma kan siyasa.

Katse babba ana tsakiyar magana bai dace da tarbiyyar garin nan ba, amma ba shi ne ya fi ɓata mini rai ba. A cikin duk waɗanda ke zaune a kan tabarmin, mutum ɗaya ne ya taɓa ganin mutuwar kamfani da idonsa, kuma shi aka rufe wa baki, aka fifita maganar da muke ji a rediyo duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Duk gwamnatin da ta ce za ta farfaɗo da masana'antu a Sakkwato, da duk attajirin da ya ce zai zuba jari a cikinsu, bai cancanci mu saurari alƙawarinsa ba sai ya fara zama da mutanen da suka yi aiki a waɗanda suka durƙushe, ya ji daga bakinsu yadda aka yi suka durƙushe. Abin da ke cikin kan waɗannan tsofaffi shaida ce, kuma kusan ita kaɗai ta rage mana, domin takardun ofisoshin da aka kulle gara ta cinye mafi yawansu, injinan kuma an auna su a sikeli an sayar wa 'yan gwangwan.

Abin da muka taɓa mallaka

Sakkwato ba ta taɓa zama garin masana'antu irin Kano ko Kaduna ba, kuma babu amfanin mu ruɗi kanmu. Ba mu da Bompai ko Sharaɗa, ba mu da Kakuri inda masaƙu suka jeru. Jirgin ƙasa ma ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929 bai ƙaraso ba, saboda haka duk injin da aka taɓa kafawa a garin nan a bayan mota aka kawo shi, haka man da yake sha da kayan gyaransa.

Duk da haka mun samu rabonmu. An kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, zamanin Sardauna, ya fara aiki a Kalambaina a 1967 da ƙarfin fitar da tan 100,000 a shekara. An yi kamfanin jimar fata, an yi na kujeru da kayan katako, da wasu ƙanana. Kafin a cire Zamfara a 1996, masaƙar Gusau da kamfanin mai da injin gurzar auduga na can duk a cikin Jihar Sakkwato suke. Wasu 'ya'yan yankin nan kuma sun gangara Kaduna, inda masaƙar farko ta buɗe tun 1957, suka yi rayuwarsu a bakin injin saƙa kafin su dawo gida da furfura.

Hirar tsohon ma'aikaci hawa biyu ce

Hawa na farko shi ne mai daɗi, kuma shi kowa ya fi son ji. Zai ba ka labarin jiniyar da ke kiran masu dutin safe, har matan unguwa suna auna lokacin ɗora tukunya da ita. Zai faɗa maka yadda ake jeruwa gaban akawu a ƙarshen wata a karɓi albashi cikin ambulan, da yadda mai kanti yake ba ma'aikaci bashin shinkafa da sabulu bai nemi shaida ba, domin ya san ranar biya. Zai tuna ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, lokacin da mai tafiya a ƙasa ya sayi keke, mai keke ya sayi babur. Zai ambaci masu tuwo da masu fura da suka kafa rumfuna a bakin get, da yaran da aka yi wa karatu da kuɗin obataim, da abokan aiki Yarbawa da Igbo da Nufawa waɗanda aka ci abinci kwano ɗaya da su.

Ba na raina wannan hawa ko kaɗan. Albashin da aka san ranar zuwansa yana gyara zaman gida fiye da yadda wanda bai taɓa rasa shi ba yake zato. Da shi magidanci yake shiga adashi ba ya fargaba, da shi yake sa ranar auren 'yarsa da lissafi, kuma saboda shi ne ɗan ƙauyen da ya saba kulle ɗaki ya tafi ci-rani Kudu da zarar an gama girbi ya zauna kusa da iyalinsa shekara ta zagayo.

Amma idan ka yi haƙuri ka bar shi ya gama, sannan ka tambaye shi ranar da ya fara jin a jikinsa cewa wurin ba zai ɗore ba, sai muryarsa ta sauya. A nan ne za ka ji labarin ƙarfen da ya karye aka rubuta takardar neman sabo, takardar ta kwana a teburin manaja har damina ta wuce, daga ƙarshe aka kwance na injin kusa aka ɗaura, injina biyu suka koma ɗaya. Za ka ji labarin ma'aikatun gwamnati da suke kwasar kaya da takarda, biya sai gani na biyu, alhali gwamnatin ce mai kamfanin. Za ka ji yadda aka riƙa turo mutane da wasiƙar manya a ba su aiki a wurin da ba a neman ƙarin hannu, da yadda aka ɗora wanda bai taɓa riƙe sifana ba a kan injiniyoyi saboda kusancinsa da masu mulki. Idan ya yarda da kai sosai, zai faɗa maka abin da su kansu ma'aikatan suka yi: man janareta da ke bin jarka da dare, da kayan sito da ake gani a kasuwa washegari.

Wannan hawa na biyu shi ne wanda muke bukata, kuma shi ne ba mu tsayawa mu ji.

"Ai an san abin da ya kashe su"

Wannan ita ce hujjar da masu ilimin boko suka fi kawowa. Suna cewa babu wani sirri a mutuwar masana'antun Arewa, an rubuta shi a littattafai. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu bayan faɗuwar farashin man fetur, samun kuɗin waje da lasisin shigo da kaya ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin sauya fasalin tattalin arziki da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyara da sinadaran da ake sayowa daga Turai suka ninka kuɗi. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, manomi ya rasa mai tsaya masa a kan iri da farashi. Ga rashin wutar NEPA, ga atamfar fasa-ƙwauri da ke kwararowa ta iyakokin da muke maƙwabtaka da su. Me kuma tsohon lebura zai ƙara a kan wannan?

Duk abin da suka lissafa gaskiya ne. Sai dai waɗannan dalilai sun sauka a kan kowa ne baki ɗaya, amma ba kowa ya mutu ba, waɗanda suka mutu ma ba rana ɗaya suka mutu ba.

A dubi kamfanin simintin Kalambaina. SAP ɗin da ya taɓa kowa ya taɓa shi, hanyar da kowa ke bi ita yake bi, amma bai rufe ƙofa ya tafi ba. An ƙara masa layi na biyu mai tan 500,000 a 1985. A 2000 aka sayar da kason gwamnati, kamfanin Scancem na ƙasar Norway ya karɓi ragama, a 2010 kuma ya koma hannun BUA na Abdussamad Rabi'u. An buɗe sabon layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, sannan a watan Janairun 2022 Shugaba Buhari ya zo Sakkwato ya buɗe wani mai tan miliyan 3. Dalilan ɗorewarsa ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya yi tunani. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a ƙarƙashin ƙafarsa yake. Buhu ɗaya kilo 50 ne, kaya mai nauyi wanda ribarsa ba ta kai ɗan fasa-ƙwauri ya ratsa daji da shi ba, alhali dilar atamfa guda a bayan babur tana biyan wahalarsa. Nisan da ya zame wa sauran kamfanoninmu ƙarfen ƙafa shi ne ya zame wa siminti katanga, domin wanda aka ɗauko daga Kudu kuɗin mota ya riga ya cinye shi kafin ya iso. Daga 2002 kuma gwamnatin tarayya ta ɗaure lasisin shigo da siminti da sharaɗin zuba jari a cikin gida. Sannan ga babban dalili, ya fita daga hannun gwamnati ya shiga hannun masu jin zafin asara a aljihunsu.

To, a ɗauki wannan ma'auni a auna kamfanin jima da shi. Idan samun kayan aiki a ƙofar gida shi ne ke raya kamfani, da babu wanda ya kai shi dacewa. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin fatun da duniya ta sani, tun lokacin da ayari ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda a can suke sayen ta. Majemanmu sun san bagaruwa tun kafin a san sinadarin Bature, dukawanmu kuma har yau aikinsu yana kai wa ƙasashen waje. Kasuwannin dabbobi irin su Achida da Illela suna ci kowane mako. Duk da wannan, kamfanin bai ɗore ba, a yau gishiri ake barbaɗa wa fatun a loda su a mota zuwa majemun Kano, ƙirgin shanu kuwa da yawansa tukunyar ganda yake ƙarewa.

Me ya sa? Ruwa ne ya gaza, tunda jima aikin ruwa ce? Sinadarai ne suka gagari saye bayan faɗuwar naira? Ko kuwa kuɗin sayen fata ne ba sa zuwa a kan kari, fataken Kano suka riƙa biyan mahauta nan take, kamfani yana cewa a dawo gobe? Ko ingancin fiɗa ne ya lalace, wuƙa tana huda fatar da ya kamata ta shiga sahun farko? Ko shugabanci ne? Kowace amsa daga cikin waɗannan tana kai mai niyyar farfaɗowa ga wata hanya dabam, kuma littafin da ya yi bayanin SAP ba zai zaɓa masa ɗaya ba. Mai sayen fata na kamfanin zai iya, haka mai kula da famfon ruwa, haka akawun da ya riƙe littafin bashi. Wanda ya tsallake su ya gina sabon gini ya sayo sababbin injina zai iya faɗawa ramin da na farko ya faɗa, da kuɗin jama'a kuma.

Ba mu rasa misali ba. Gwamnatin tarayya ta taɓa ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don ceto auduga da masaƙu da ɗinki, amma duk wanda ya bi ta Kakuri ko ya leƙa masaƙar Gusau ya ga inda aka kwana.

"Tsoho yana ƙawata jiya, kuma kowa kansa yake wankewa"

Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma ban ga dalilin musanta ta ba. Mutum yana tuna ƙuruciyarsa ne tare da wurin aikinsa, sai ya kasa raba daɗin wannan da na wancan. Wanda gwiwarsa take lafiya a 1978 zai ga komai na 1978 lafiya yake. Yakan manta da ƙurar da ta zauna a ƙirjin abokinsa, da warin da ke bin majemi har gida, da yatsan da injin yankan katako ya ɗauke aka sallami mai shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Yakan manta da leburorin wucin gadi da ake ɗauka a kora ba takarda, da cewa mata kusan a bakin get aikinsu ya tsaya. Idan kuma aka zo rabon laifi, lebura zai ce manaja ne, manaja zai ce kwamishina ne, kwamishina zai ce Legas ce, wato gwamnatin tarayya ta wancan lokaci.

Amma a Sakkwato ne za a ce ba a san yadda ake tace ruwaya ba? Garin da ɗalibin zaure yake koyon tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya halarci wurin ko labari aka ba shi, kuma waye ya yi masa shaida? Irin wannan aiki ne ake bukata a nan. Ba a ɗaukar maganar mutum ɗaya a gina hukunci a kanta. A ji daga bakin mai walda, a ji daga sitokifa, a ji daga direban da ke kai kaya, da dillalin da ke saye, da shugaban ƙungiyar ma'aikata, da maigadin dare, har da mai abincin bakin get, wadda takan riga kowa sanin an fara jinkirin albashi saboda littafin bashinta ne yake fara cika. Inda maganganunsu suka haɗu, a riƙe. Inda suka saɓa, a nemi ragowar takarda ko tsohuwar jarida ta raba gardama. Saɓanin ma kansa yana koyar da wani abu, domin idan ma'aikatan ƙasa duka suna ambaton abin da babu manaja ɗaya da ya ambata, an gano inda labari yake maƙalewa a kamfanin tun yana raye.

"Zamani ya wuce iliminsu"

Matasa injiniyoyi sukan ce injinan yau da kwamfuta ake sarrafa su, wanda ya koyi aiki a kan injin shekarun 1970 babu abin da zai tsinana a ɗakin da allo ya cika bango. Da gaskiyarsu ta wannan fuska, kuma akwai wata gaskiyar da ta fi ta ɗaci wadda masu alƙawari ba sa faɗa. Layin da aka buɗe a Kalambaina a 2022 ya ninka na 1967 sau talatin a yawan siminti, amma babu masana'antar zamani da ke ninka ma'aikata gwargwadon yadda take ninka kaya. Ko da an tayar da kowane kamfani da ya mutu, ba za a dawo da tururuwar masu kekuna da tsofaffi ke ba da labari ba. Wanda ke gaya wa matasan Mabera da Gidan Igwai akasin haka yaudararsu yake yi.

Sai dai ba duk ilimin masana'anta ne yake tsufa tare da inji ba. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 bai sauya ba, kuma tsohon mai gyaran lantarki ya san abin da yake yi wa mota mai juya inji idan ba a rage mata nauyi da rana tsaka ba. Ƙurar hunturu tana nan, ya san inda take shiga ta kashe ƙarfe a hankali. Tsohon foman ya san watannin da leburori ke ɓacewa su koma gona ko an ninka musu kuɗi, ya san yadda ake tsara duti a watan azumi ba a tsayar da aiki ba kuma ba a zalunci mai ƙishirwa ba. Mai sayen fata ya san abin da ke faruwa da kasuwa a makon Layya, lokacin da fata take yin yawa har ta fi ƙarfin gishiri da wurin ajiya. Babu injiniyan da za a ɗauko daga Sin ko Indiya da zai zo da wannan a jakarsa.

Akwai kuma tarbiyyar aiki, wadda ita ce ta fi yi mana ƙaranci. Mutumin da ya yi shekaru yana miƙa duti ga na bayansa ya saba da rubuta abin da ya tarar da abin da ya bari, ya saba da zuba wa inji mai kafin ya yi kuka, ya saba da mayar da kowane ƙarfe mazauninsa. Idan ka bi garejoji da shagunan walda na garin nan ka tambayi ƙwararrun cikinsu wa ya koya musu, sau da yawa silsilar tana komawa ga wani da ya fito daga kamfani. Muna da kwalejojin fasaha a Farfaru da Runjin Sambo, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Ban ga abin da zai hana a riƙa gayyato irin waɗannan dattawa su tsaya tare da ɗalibai a ɗakin gwaji ba, a biya su ladan lokacinsu, ko da ba su da takardar da za a rataya a bango.

"Haƙƙinsu suke nema, ba na'urar ɗaukar murya ba"

Idan tsohon ma'aikaci ne ya faɗa mini wannan, sai dai in sunkuyar da kai. Akwai rashin kunya a cikin zuwa gidan mutumin da aka sallama ba garatuti, a shimfiɗa masa na'ura a ce ya ba da tarihi don amfanin al'umma, alhali al'ummar ba ta tambayi yadda yake sayen maganin hawan jini ba. Ma'aikatan masaƙar Kaduna da aka rufe a 2002 sun shafe shekara da shekaru suna neman haƙƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu suka gaji zaryar. Tsarin fansho na adashin gata, wanda ke ajiye kuɗin ma'aikaci a asusun da sunansa ko kamfani ya rushe, sai a 2004 ya zo, bayan mafi yawan waɗannan mutane sun riga sun dawo gida.

Na san wani maƙwabci, kawu muke ce masa, wanda har yanzu yake ajiye da katin shaidar aikinsa da takardar sallama a cikin leda, a ƙasan akwati, saboda an taɓa ce musu za a kira su tantancewa. Duk jita-jitar da ta ɓulla sai ya sa babbar riga ya hau kabu-kabu ya je ya dawo.

Amsata ita ce ayyukan biyu ba sa rabuwa. Ba za a iya biyan bashin da ba a san masu shi ba, kuma a inda fayil ya ɓace, hanyar gano wa ya yi aiki, daga yaushe zuwa yaushe, a wane mataki, ita ce a tara waɗanda suka rage su shaidi juna. Zaman da za a yi don jin yadda kamfani ya mutu shi ne zai fitar da sunayen waɗanda aka danne wa haƙƙi. Duk kuma filin tsohon kamfanin gwamnati da za a sayar ko a yanka shi fulotai, kamata ya yi a fara cire haƙƙin ma'aikatansa daga kuɗin kafin a taɓa sauran.

Masu son kafa sababbin masana'antu su ma wannan ya shafe su, ko ba don tsoron Allah ba. Yaron da ya tashi yana kallon kakansa yana zaryar neman garatuti ya riga ya yanke hukunci a kan aikin kamfani tun kafin a buga tallar ɗaukar ma'aikata. Zai karɓi aikin idan yunwa ta matsa, amma da ƙafa ɗaya a waje, yana tara kuɗin babur. Mai kamfani kuma sai ya dawo yana ƙorafin cewa yaranmu ba su da juriyar aiki.

Wa zai yi, kuma ta yaya

Aikin bai kai kuɗin shagalin buɗe kamfani ɗaya ba. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da ɗaliban da ke neman batun bincike kowace shekara, sashen tattalin arziki da na injiniya ma haka. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu an kafa ta ne don adana abin da ya shafi wannan ƙasa, kuma tarihin Sakkwato bai tsaya a 1903, shekarar da Turawa suka ci garin, ba. Gidan Rediyon Rima yana da masu iya jan dattijo da hira. Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa su, a fara da mafi tsufa, domin wanda ya shiga Kalambaina yana ɗan shekara ashirin a 1967 yanzu ya doshi tamanin.

Tambayoyin ne za a kula da su. Idan aka ce wa tsoho ya faɗi yadda rayuwa take a da, hawa na farko zai bayar a tashi. A tambaye shi abin da hannunsa ya taɓa: wane inji ya riƙe, daga wace ƙasa aka kawo shi, me ya fi yawan lalacewa a jikinsa, kwana nawa ake jiran kayan gyara a farkon zuwansa, kwana nawa a ƙarshe, wa yake sayen kayan, da kuɗi hannu ko bashi, wane wata aka fara jinkirin albashi, me aka ce musu ranar da aka rufe.

Akwai cikas guda da na san za a ci karo da shi. Sakkwato gari ne da kowa ya san kowa, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ci amanar waɗannan kamfanoni suna raye, ko 'ya'yansu suna riƙe da muƙamai, ko ma an haɗa zuri'a da su. Dattijo mai kunya ba zai kama sunan surukinsa a gaban na'ura ba, ba kuma zai so a ji muryarsa a rediyo yana tona asirin mamaci ba. Saboda haka a raba abin da za a watsa da abin da za a adana. Wanda ya so a sakaya sunansa a sakaya, wanda ya ce kada a buɗe maganarsa sai bayan ransa a rubuta masa hakan a cika. Manufar ita ce a gano ta inda ruwa ya shiga, shari'ar mutane kuma tana da nata wurin.

Idan an kammala, a fitar da rahoto a kan kowane kamfani dabam, da Hausa da Turanci, a ajiye inda ɗalibi da ɗan kasuwa za su iya karantawa. Majalisar dokokin jiha kuma tana da ikon ƙin amincewa da ko kwabo da aka sa a kasafin kuɗi da sunan farfaɗo da wani kamfani, har sai kwamishinan da ya kawo bukatar ya zo gabanta ya faɗi abin da tsofaffin ma'aikatan wurin suka ce ya kashe shi, da abin da aka tanada a kan kowane ɗaya daga cikin dalilan.